Mu da Jam'in Bature

A unguwarmu ana yi wa mutum uzuri a kan abubuwa da yawa. Ka ci bashin mai shayi ka koma bi ta bayan layi, a ce yanayi ne. Ka iso ɗaurin aure an riga an shafa fatiha, a ce ai hanya ce ta cushe. Amma ka miƙe a taron iyayen yara, ka saɓa babbar riga, ka yi gyaran murya, ka ce "my childrens", to ka gama da kanka. Kafin la'asar zance ya isa majalisar bakin masallaci, kafin isha'i ya shiga gidaje, kuma daga ranar ko Makka ka je ka dawo, Alhaji Childrens ne sunanka a bayan idonka.

Mu ɗin nan masu ƙyaƙyatawar, in aka tsare mu aka ce mu faɗi abin da ya sa kuskure ne, sai kallon-kallo. Iyakar abin da muka sani shi ne an dake mu a kansa. Duk wanda ya zauna a bencin firamare yana tune da darasin. Malam na tsaye da tsumagiya, ya ce "man", aji ya ɗauka "men". Ya ce "tooth", a ce "teeth". Ya ce "sheep", sai wani mai rawar kai daga can baya ya rangaɗa "sheeps" shi kaɗai, aji ya yi tsit. Waɗanda suka riski zamanin Brighter Grammar har shafin suna iya nuna maka. An ba mu hadda, an ba mu bulala, dalilin ne dai aka riƙe. Shi ya sa muka girma da yaƙinin cewa Bature ne kawai ya ga dama ya murɗe harshensa don ya wahalar da 'ya'yan mutane.

Limamin wannan ra'ayi shi ne telan layinmu, kuma ba ya gajiya da huɗuba a kai.

"Yanzu fisabilillahi," in ji shi, "in je kara in sayi tunkiya guda, sheep. In cika mota da tumaki hamsin, su ma sheep. To dillali ta yaya zai gane ko kiwo zan yi ko fatauci?"

Akwai tsohon hedimasta da ke zama da mu bayan magariba, da rediyonsa a cinya. Ba ya son gardama, amma ba ya barin ta ta wuce.

"Malam tela, nawa ka ɗinka mini rigar sallah?"

"Naira dubu takwas, ranka ya daɗe."

"Kwana nawa ta yi a shagonka?"

Tela ya sosa ƙeya. "Kamar kwana arba'in."

"To ka ce naira, ba ka ce nairori ba. Ka ce kwana, ba ka ce kwanaki ba. Kuma ban ga ka rikice ba ranar karɓar kuɗin."

Gaskiya ce da muke furtawa kullum ba mu lura. Buhu goma muke cewa, shekara sittin, mudu uku. Adadin ya riga ya yi aikin, sai mu bar sunan ya huta. Ita kanta naira, tun da aka fito da ita a 1973, ko da Turanci ba a liƙa mata "s"; duba takardar dubu ɗaya da ke aljihunka. "Sheep" kuwa ba rashin tsari ne ya bar ta haka ba. A Turancin shekara dubu da suka wuce akwai wani rukunin sunaye guda da tilonsu da jam'insu duk ɗaya ne. "Sheep" na ciki, da "deer", da "swine", har da kalmomin da suka zama "word" da "thing" da "year" da "horse". Sannu a hankali waɗannan na baya suka bi ayarin masu "s", tunkiya da 'yan'uwanta suka ƙi motsi.

Amma inda abin yake ba ni dariya shi ne wai mu, Hausawa, mu ne masu kukan jam'in wani. Akuya fa? Awaki. Tunkiya, tumaki. Doki, dawaki. Saniya, shanu. Kare, karnuka. Dutse, duwatsu. Zuciya, zukata. Takobi, takubba. Kaza, kaji. Ɓarawo, ɓarayi. Sarki, sarakuna. Ɗa, 'ya'ya. Ka ba baƙo ƙa'ida ɗaya da za ta fitar masa da waɗannan duka, in kana da ita. Paul Newman, Ba'amurken nan da ya koyar a Kano shekarun 1970, da ya zo rubuta babban littafinsa na nahawun Hausa wanda ya fito a 2000, sai da ya kasa jam'inmu gida-gida har sama da goma, kowane gida kuma da rassansa. Yaron mai shayi da bai gama firamare ba duk yana da su a ka, bai taɓa sanin yana ɗauke da kaya ba. Shi Bature nasa na gado da suka bauɗe 'yan tsiraru ne. Masu sauya wasalin ciki guda bakwai ne cak: man, woman, foot, tooth, goose, mouse, louse. Masu ƙarewa da "en" uku: oxen, children, da brethren da sai a coci ko a bakin masu wa'azi ake jin ta. Sai 'yan dabbobin da ba sa motsi, sai masu mai da "f" ta koma "v". A kan wannan ɗan abin muke ta kururuwa.

Su bakwai ɗin nan ma da dalilinsu, kuma dalilin yana cikin bakinmu mu ma. Tun kafin a fara rubuta Turanci, jam'in kalmar ƙafa yana da ɗafa-ƙeya mai wasalin "i", wani abu mai kama da "fotiz". Baki kuwa malalaci ne. Yana cikin furta "o" ya riga ya fara shirin "i" da ke tafe, sai "o" ɗin ya karkato gaba. Daga baya ɗafa-ƙeyar ta gutsure ta faɗi, karkacewar ta zauna, aka wayi gari da "foot" da "feet". Jamusanci, wanda kakansu ɗaya da Turanci, har gobe haka yake yi: Mann, Männer, Maus, Mäuse. Mu kuma namu "i" da "e" ɗin baƙin da ya zo kafinsu suke taɓawa. Shi ya sa mota ta ba da motoci ba "mototi" ba, ƙasa ta ba da ƙasashe, gida ya ba da gidaje. Malaman Hausa suna kiran abin ganɗantawa. Ba wanda ya zauna ya tsara shi, kuma ba wanda aka taɓa duka kafin ya iya.

Da can masu sauya wasalin sun fi bakwai. Jam'in "book" a tsohon Turanci "bec" ne, akuya ma, wato "goat", haka take yi. Suka zo suka miƙa wuya ga "s". Waɗanda suka tsira su ne waɗanda ke bakin mutane safe da yamma, don abin da yaro ke ji kullum ba ya ɓace masa: namiji, mace, ƙafa, haƙori. Da hedimasta ya kawo nan, mai shayi ya tsaya da juya madara ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wato kana nufin ɓera da kwarkwata su ma kullum suna bakin Turawan da? Ashe dai su ma sun sha susa." Hedimasta bai musa ba.

"Women" ita ce muka fi yi wa kisan mummuƙe, don a rubuce muna cin ta, a baki ne muke faɗuwa. Rubutun ya sauya wasalin ƙarshe, furucin kuma na farko ya sauya: "wimin" Bature ke cewa. Mu kuwa duk ranar 8 ga Maris "wumen" ne ke tashi daga lasifika tun safe har a watse. Ba na ganin laifin kowa sosai. Mu ma muna rubuta mata, ta Audu guda ɗaya, da mata, na gari duka, da haruffa iri ɗaya, sai karin sauti ya raba gardama, kuma baƙo nan yake faɗawa rami.

Mu koma kan Alhajinmu, don ina ganin an zalunce shi kaɗan. A tsohon Turanci yaro "cild" ne, jam'insa "cildru", wanda ya koma "childer", kuma an daɗe ana jin wannan a karkarar arewacin Ingila. Mutanen kudu suka ji kamar "childer" bai cika jam'i ba, suka ƙara masa "en" irin na "oxen". Wato "children" ɗin da muke tinƙaho da ita bene ce mai hawa biyu, jam'i a kan jam'i, Alhaji hawa na uku kawai ya ɗora. Bambancinsa da Turawan da suka ɗora na biyu shi ne su an bi su, shi an yi masa dariya. Kuma wa ya isa ya yi dariyar? Maza jam'i ne, muka ce mazaje. Dawaki jam'i ne, muka ce dawakai. Mala'ika a Larabci jam'i ce, tilonta malak, muka mai da ita guda ɗaya muka yi mata mala'iku. Labari ma daga al-akhbar ya fito, jam'in khabar, ga shi muna sauraron labarai kowace safiya. Malaman da suka fassara wa Sarki James Baibul a 1611 su ma haka suka yi wa Ibrananci: "cherubim" jam'i ne tun asali, suka rubuta "cherubims". Masu fararen rigunan nan na cocin Cherubim and Seraphim, wadda aka kafa a Legas a 1925, su ne ma suka bar kalmomin yadda suke.

Akwai lokacin da su kansu Turawan Ingila ba su san wanne za su kama ba. William Caxton, wanda ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar a 1476, ya ba da wani labari a gabatarwar littafin da ya buga a 1490. Wasu fatake ne jirginsu ya tsaya a gaɓar Kent, ɗayansu ya shiga wani gida ya nemi ƙwai, ya ce "egges". Matar gidan ta ce ita ba ta jin Faransanci. Bafatake ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce "eyren" ake nufi, sannan ta gane. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, ƙwai ɗaya. "Egges" ta mutanen arewa ce, "eyren" ta kudu, kuma Caxton ya yi ta ƙorafin bai san wadda zai buga ba. Ta arewa ta ci. A wancan zamanin idanu "eyen" ne a bakin wasu, takalma "shoon". Da guguwar ta juya ta ɗaya gefen, da yau mai cewa "eyes" ne ake nunawa da baki a majalisa.

Na thief da chief kuwa mai shayi ya riga ya yanke hukunci: wai da gangan aka ce "thieves" amma "chiefs", don kada a taru da yawa a kasa bambance su. Bayanin hedimasta bai kai wannan daɗi ba. "Thief" da "knife" da "wife" da "leaf" 'yan gida ne, kuma a tsohon Turanci duk "f" da ta faɗa tsakanin wasula biyu "v" ake furta ta. "Chief" baƙuwa ce daga Faransanci, ta shigo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, ta tarar an daina wannan yayi. Majalisa dai ta fi karɓar na mai shayi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke zaɓen wanda za mu yi wa dariya. Talaka ya ce "sheeps", mu kwashe. Amma babban mutum ya hau mumbari ya ce gwamnati ta sayo "equipments", ta raba "furnitures", ta ɗauki sababbin "staffs", ya gode wa dattawa da "advices" ɗinsu, mu tafa har da sowa. Alhali a wurin mai gyaran takardar WAEC duk jan biro ɗaya ne. Su waɗannan ba ma jam'i ne mai bauɗiya ba, sunaye ne da Turanci ya ce ba a ƙirga su. Mu kuwa da Hausa muke tunani: shawara tana da shawarwari, bayani yana da bayanai, kaya yana da kayayyaki, to don me "advice" za ta zauna ita kaɗai? 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma ba su san da wannan takunkumi ba, don a Faransanci "informations" da "équipements" halal ne. Daga Faransancin Turanci ya aro kalmomin, ya zo ya hana su abin da ake ba su a gidan ubansu. Su ma dai na Nijar ɗin ba su tsira ba, suna can suna fama da cheval da chevaux, da œil da yeux.

Sai kuma 'yan bokonmu, masu burga da Latin da Girkanci. Waɗannan ba sa cewa "forums", sai "fora". Ba sa cewa "stadiums", sai "stadia", ko da Turawan da kansu sun fi sakewa da na farkon. A bar su, ado ne. Matsalar ita ce mai "fora" ɗin nan shi ne zai juyo ya ce "the only criteria", ko ya dafa ƙirji ya ce shi "an alumni" ne na jami'a kaza. "Criteria" jam'i ne, tilonsa "criterion". "Alumni" taro ne, mutum ɗaya "alumnus", mace "alumna". Wani ma har "criterias" yake kaiwa, ya kamo Alhaji Childrens a hanya, sai dai shi da digiri biyu ba mai laƙa masa suna. In an zo kan manyan muƙamai kuma sai alƙalamin 'yan jarida ya riƙa rawa: "Attorneys General" ne, "s" ɗin a kan mutanen take sauka, haka "mothers-in-law" da "passers-by".

Wasu daga cikin baƙin nan sun daɗe har an manta jam'i ne. "Agenda" a Latin abubuwa ne da yawa da za a aikata, yau Bature ya mai da ita guda yana cewa "agendas". "Media" jam'in "medium" ce. "Data" jam'in "datum" ce, amma a unguwarmu mace ce guda ɗaya mai saurin ƙarewa: data ta ƙare, a sa mini data. Ba a taɓa jin wanda ya je shago ya nemi datum ba, ko da yake mai shayi ya ce in megabait ɗaya ya rage maka, shi ke nan sunansa.

Mu ma in kalmarsu ta faɗo hannunmu ba ma tambayar izini. Mota, motoci. Likita, likitoci. Direba, direbobi. Lauya, lauyoyi. Gwamna, gwamnoni. Ofis, ofisoshi. Wannan salon na maimaita baƙin ƙarshe tsakanin "o" da "i" shi ne "s" ɗinmu, duk baƙon da ya zo shi muke fara miƙa masa. Amma wani lokaci sai mu yi masa gata na musamman: fim ya zama finafinai, bam ya zama bamabamai, kwas ya zama kwasakwasai. Bature ya ji waɗannan ba zai gane 'ya'yansa ba. Wasu kuma da jam'insu muka ɗauko su ba mu sani ba. Silifas ko ƙafa ɗaya ce ta ɓace silifas ce. Sisi da muke cewa ba mu da ko shi daga "sixpence" ya fito, "pence" kuwa tsohon jam'in "penny" ne mai bauɗiya. Su ma jaridun Turanci na ƙasar nan ramuwa suke yi: "talakawas", "ulamas", "almajiris". Talakawa da ulama duk jam'i ne tun kafin a ƙara musu komai, kuma ban taɓa jin an kira edita an yi masa dariya ba.

Yara ne suka fi ba ni tausayi a wannan harka. Yarinya ta dawo daga makaranta ta ce "two foots", uwa ta zaro ido, ta ce kuɗin makaranta ya tafi a banza. Alhali yarinyar nan ƙa'ida ta gano da kanta, ba wanda ya taɓa ce mata "foots". A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta zana wani ɗan tsuntsu da babu shi a duniya, ta ce wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai sunansa "wug", sannan ta nuna musu guda biyu. Suka ce "wugs". Ba hadda ba ce, don ba su taɓa jin kalmar ba. 'Ya'yan Turawa ma sai sun bi ta "mouses" da "mans" kafin su daidaita, yadda namu ke cewa akuyoyi da tunkiyoyi kafin kaka ta gyara musu. A birni ma yanzu akwai masu gemu da ke cewa akuyoyi, kuma ba na jin awaki za ta ji daɗin shekara hamsin masu zuwa. Ba cewa nake a bar yara da "foots" ba. WAEC da NECO ba sa karɓar tarihi, kuma ba kiredit a Turanci ba jami'a. A sa su haddar, amma a gaya musu labarin ƙwan Caxton tare da ita, a tambaye su jam'in doki. Yaron da ya gane cewa shi ma yana da irin wannan kaya a harshensa ba ya jin tsoron na wani.

Kwanan baya gardamar ta koma kan ɓeran kwamfuta, da mai shagon buga takardu ya sayo guda biyar ya rasa abin da zai rubuta a rasit. Ƙamus ya yarda da "mice", ya yarda da "mouses". Shi dai ya rubuta "mouse" ya sa 5 a gaba, irin na naira da kwana, tela ya ce ai ga shi an dawo maganarsa, hedimasta ya ce a'a, maganarsa dai. Ba a rabu a kan komai ba.

Wanda bai taɓa sa baki a duk wannan ba shi ne mai rubuta allon shaguna na bakin titi, wanda aikinsa ne ya cika unguwar: "Ladies Wears", "Furnitures", "Childrens Cloths", "Cattles Feeds". Ya yi sakandare, kuma hedimasta ya rantse yana cikin masu ƙoƙari a ajinsa. Da aka matsa masa wata rana, sai ya ce shi abin da mai shago ya kawo a takarda shi yake zanawa, kuma kuɗin aikinsa a kan harafi yake yanka shi. Bai taɓa hana kowa ƙara "s" ba.